Gida Ɗaya, Iyali Ɗaya

Shekara shida ke nan da ya sauka daga kujerar, amma har yau a duk layin, Ciyaman ake kiransa, shi kuma in ba haka ka kira shi ba sai ya yi kamar bai ji ba. Shi ya kafa ƙungiyar masu gidaje ta unguwar, shi ya ja ragamarta shekara goma sha biyu. In ka shiga layin ka ga gidaje ashirin da huɗu a jere kamar haƙoran mataji, tsayinsu ɗaya, ƙofa ɗaya-ɗaya, ba bene, ba shago, ba hayaniyar 'yan bas, to aikin hannunsa kake kallo. Kuma ba sai ka tambaya ba, da kansa zai tare ka ya gaya maka.

Abin da ba ya gaya wa kowa shi ne, duk 'ya'yan da aka haifa a layin nan babu ko ɗaya da ya iya zama a kusa bayan ya yi aure. Haya a wannan ɓangare na birni ta fi ƙarfin mai albashi. Duk sun watse, yawanci zuwa bayan gari, har da 'yarsa ta ƙarshe, wadda yake kira Auta.

Auta nas ce. Asibitin da take aiki, in ka tsaya a ƙofar gidan ubanta kana hango tankin ruwansa, tafiyar minti goma ce a ƙafa. Amma daga inda suke haya, can inda kwalta ta ƙare, sai ta shiga mota uku kafin ta iso. Awa biyu da rabi zuwa, awa biyu da rabi komawa, kullum, shekara huɗu.

Wata Asabar da rana ta biyo gidan bayan ta tashi daga aiki, ta tarar mijinta ya riga ta zuwa da 'yarsu. Mama, matar Ciyaman, ta shiga kicin ta zubo abinci. Kafin ta fito, Auta ta yi barci a zaune, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Mijin nata malamin sakandare ne, tattalin arziki yake koyarwa. Ciyaman na kiransa Farfesa, ba kuma don yabo ba. Yaron yana da ladabi, amma yana da wani ra'ayi da ke ba surukinsa haushi. Shi a ganinsa gida kaya ne kamar tumatir. In ya yi yawa a kasuwa kuɗinsa ya sauko, in aka hana mutane shukawa ya yi tsada, kuma wanda ya riga ya cika kwandonsa shi ke murna. Sau ɗaya ya taɓa faɗin haka a falon nan, Ciyaman ya ce masa unguwa ba kasuwa ba ce, daga nan bai sake ba.

Yau ma kansa a ƙasa yake.

"Baba, akwai maganar da muke son mu sanar da ku. An ba ta aiki a wani asibiti, a wani gari, har da gida a cikin asibitin. Ni ma ba zan rasa makaranta a can ba. Ƙarshen wata suke son amsa."

"Wane gari?"

Farfesa ya faɗi sunan. Tafiyar yini guda ce, in motar lafiyayya ce.

Ciyaman ya dubi ƙarƙashin tebur, inda jikarsa 'yar shekara huɗu ta ɓuya da hularsa a kanta. Amarya yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai furfura a kunne. 'Ya'yansa maza biyu sun daɗe da barin ƙasar, sai a waya. Wannan yarinya ita kaɗai ce jikar da yake iya ɗauka ya ji nauyinta. Ya tashi ya fita bayan gida, inda ba komai sai igiyar shanya da tsohon tanki, ya auna filin da ƙafa. Taku goma sha huɗu a tsaye, goma a kwance. Ya dawo yana haki.

"Ba inda za ku. Ciki da falo, kicin, bayi, da ƙofarku daban ta gefe. Ita ta taka zuwa aiki, kai ka hau bas ɗaya."

"Baba, amma doka..."

"Ni za ka gaya wa dokar unguwar nan?"

Auta ta farka a kan wannan magana. Ta dubi uban, ta dubi mijin, idonta ya kawo ruwa. Ta ce in har hakan zai yiwu, wallahi ita ba ta son tafiya.

Ranar Litinin mota ta sauke bulo ɗari biyar a ƙofar gidan. Sai ranar Talata ya tafi neman izini, don shi a tunaninsa takardar gaisuwa ce kawai zai je ya yi.

Ofishin tsara birni yana hawa na uku, lif kuma ya mutu. Ya hau yana hutawa a kowane hawa. Jami'ar da ya samu yarinya ce mai tabarau, ko Auta ta girme ta. Ta ba shi kujera, ta duba zanen da magini ya yi masa, ta buga lambar filin a kwamfuta.

"Baba, unguwarku tana ƙarƙashin ƙa'idar gida ɗaya, iyali ɗaya."

"Na sani, 'yar nan. Ni na kawo ta." Ya gyara zama. "Shi ya sa na ce miki 'yata ce. Ba ɗan haya zan sa ba."

"Tana da aure?"

"Har da 'ya."

"To iyali biyu ke nan, Baba."

Ya yi dariya, irin ta babba da yaro ya yi wa shirme. "'Yar da na haifa? Ke a gidanku in kin yi aure sai ki daina zama iyalin ubanki?"

Ba ta yi musu ba. Ta tashi ta ɗauko wani tsohon fayil da ya sha ƙura, ta buɗe, ta karanta masa a hankali. Iyali, in ji takardar, na nufin mai gida da matarsa da 'ya'yansu da ba su yi aure ba. Duk ginin da ke da ƙofarsa ta waje da kicin ɗinsa, gida na biyu ne, kuma haramun ne a filin. In ma an yi sassauci, dole gida na biyun ya zo da wurin ajiye mota biyu.

"Ba su da ko keke."

"Dokar ba ta tambayi ko suna da mota ba, Baba. Wurin take so."

"Wane marar tunani ne ya rubuta wannan?"

Yarinyar ta gyara tabarau. Sannan ta juya zuwa shafin ƙarshe ta tura masa fayil ɗin. Takardar koken masu gidaje ce, da sa hannu ashirin da uku. Na farko a sama nasa ne, da doguwar jelar nan da yake ja a ƙarshe, wadda yake alfahari ba mai iya kwaikwayonta.

Sai ya tuna ranar. Lauyan da suka ɗauka ya ce musu kalmar iyali ta yi faɗi, mutum zai iya zuba 'yan haya ya ce 'yan uwansa ne. Ciyaman ne ya buga tebur ya ce a ɗaure ta tamau, kada a bar ko 'yar kafa. Lokacin Auta tana da shekara goma sha ɗaya, tana wasan igiya a bayan gida. Wa yake tunanin mijin 'yar shekara goma sha ɗaya?

Jami'ar ta tausaya masa.

"Akwai hanya ɗaya. In ka kawo sa hannun maƙwabcin da katanga ta haɗa ku ta wajen ginin, da hatimin ƙungiyarku cewa sun amince, zan iya fitar maka da izini cikin mako guda, har maganar motar a ɗage."

Hatimin bai dame shi ba. Shi ya sa aka sassaƙa shi. Maƙwabcin ne ya tsaya masa a rai, domin katangar ta haɗa shi ne da Kafinta.

Dominsa aka kafa ƙungiyar. Shekara goma sha takwas da suka wuce Kafinta ya tashi ɗora bene a kan gidansa, ɓangare ɗaya na ɗansa da ke shirin aure, ɗaya na haya, da ɗan shagon aikinsa a gaba. Har ya zuba ginshiƙai. Ciyaman ya bi gida-gida yana cewa za a cika musu layi da baƙi, za a riƙa leƙa tsakar gidajensu daga sama, bas za ta fara tsayawa a ƙofarsu. Cikin wata uku aka tsayar da aikin, aka kuma ɗauke tashar bas daga bakin layin zuwa babban titi. Har yau rodin ginshiƙan yana nan tsaye a kan rufin Kafinta, ya yi tsatsa, an kifa wa kowanne tsohuwar kwalba. Tun daga ranar gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu ba.

Kwana biyu takardar da jami'ar ta ba shi ta yi a aljihun Ciyaman. A na uku Mama ta ce masa in ba zai je ba ita za ta je. Ya sa hula ya fita.

Ya samu Kafinta a tsakar gida yana goge ƙafar wata kujera. Ya tsufa. Suka gaisa kamar baƙi. Ciyaman ya yi ta zagaye, daga ciwon gwiwa zuwa tsadar siminti, har Kafinta ya gaji.

"Na ga bulo. Kawo takardar."

Ya karɓa, ko karantawa bai yi ba, ya ɗora a kan kujerar ya sa hannu.

"Na gode," in ji Ciyaman. "Ban zaci..."

"Filinka ne. Abin da na gaya muku ke nan tun wancan lokacin. Filina ne, kuɗina ne, ban tare wa kowa hanya ba. Da kun bar kowa ya ɗora abin da zai iya, da layin nan gida sittin ne yau, da yaranmu suna nan suna damunmu da hayaniya." Ya miƙa masa takardar. "Jikokina uku. Babbar ta shiga jami'a. Sau biyu na taɓa ganinta ido da ido."

Ciyaman ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Je ka," in ji Kafinta, ya koma kan kujerarsa. "Ba don kai na sa ba. 'Yarka tana gaishe ni."

Saura hatimi. Wanda ke riƙe da ƙungiyar yanzu shi ne tsohon sakatarensa, wanda har yau Sakatare ake ce masa, tunda sunan Ciyaman yana da mai shi. Ciyaman ne ya koya masa yadda ake rubuta bayanin taro da yadda ake katse mai dogon surutu. Ya zaci zai buga masa hatimin a tsaye. Sai Sakatare ya sosa ƙeya ya ce ai irin wannan sai an kira taro.

Aka yi taron ranar Asabar da la'asar a falon Sakatare, saura kwana biyar wata ya ƙare. Falon ya cika, har Kafinta, wanda bai taɓa taka taron ba, ya zo ya zauna a bakin ƙofa. Farfesa ya rako surukinsa, da wata takarda a hannu da ya cika da rubutu.

Ciyaman ya tashi ya yi bayani. Bai iya roƙo ba, don haka ya yi shi kamar umarni. Ɗaki biyu ne, a baya, ba mai gani daga titi, kuma 'yarsa ce, kowa a nan ya san ta.

"Wa bai san Auta ba?" in ji mai kemis ɗin da ke gida na bakwai. "Ita ta yi mini allura da na kwanta. Amma Ciyaman, in Allah ya yi maka rasuwa, magada suka sayar, wa zai shiga ɗakin?"

"Kuma darajar gidajenmu fa?" in ji matar marigayi likita. "Dillali ya gaya mini abin da ya sa layin nan ya fi na baya tsada shi ne ba a cusa gini."

Farfesa ya ɗaga hannu. "Don Allah ku ba ni minti biyu. Tsadar da kuke karewa ita ce ta kori 'ya'yanku. Ba wanda ya ce a tilasta wa kowa ya gina. A dai bar wanda yake so..."

"Yi haƙuri, malam," in ji Sakatare. "Masu gidaje kaɗai ke magana a taro. Sashe na huɗu."

Sashe na huɗu ma Ciyaman ne ya rubuta shi, don ya toshe bakin ɗan Kafinta.

Sannan Sakatare ya jawo tsohon littafin bayanin taro, mai baƙin bango, ya buɗe inda ya riga ya sa alama. Da ladabi ya karanta, har yana ɗan rusunawa.

"Ranka ya daɗe, ga abin da ka gaya mana, kuma ba mu taɓa mantawa ba. Ka ce, 'Ranar da muka buɗe wa mutum ɗaya, mun buɗe wa kowa. Ko ni na zo muku da wannan buƙata, ku hana ni.'"

Wani ma har ya gyaɗa kai don jin daɗin maganar.

Kada a ce mugaye ne. Kowannensu yana da ɗa ko 'ya a bayan gari da ke tashi tun duhu don kama mota, kuma kowannensu yana kuka da hakan. Amma kowannensu ya san gidan da ya saya da arha yau ya ninka sau goma, ya kuma san dalili. Mutum yakan so ɗansa, ya so gidansa, sai ranar da aka ce ya ɗaga hannu ake gane wanda ya fi so. Aka ƙirga. Biyu suka amince, Ciyaman da Kafinta. Goma sha tara suka ƙi. Bayan an tashi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannunsa, suna cewa kada ya ɗauka da zafi, tarbiyyarsa ce.

Washegari ya yi ƙoƙarinsa na ƙarshe. Ya ce wa Auta su dawo cikin gidan, su ɗauki ɗakin baƙi, ai doka ba ta ƙirga kawunan mutane a cikin ɗaki.

"Baba," in ji ta a hankali, "bayi ɗaya ne a gidan nan. Mijina zai fito da tawul a wuya ya tsaya yana jiran ka gama? Kai za ka iya zaman nan a gidan surukinka?"

Ba zai iya ba, ko na kwana ɗaya. Ya sani, ta sani.

Farfesa ya riga su tafiya da motar kaya. Ranar da Auta za ta bi shi, ta zo sallama da safe, da akwati ɗaya da yarinyar. Mama ta rungume su a falo ta ce ita ba za ta iya rakiya ba. Ciyaman ya ɗauki akwatin. Da tashar bas tana inda take a da, taku talatin ne. Yanzu sai da suka bi layin gaba ɗaya, suka wuce gidaje ashirin da huɗu masu tsayi ɗaya, suka sake yin tafiyar minti goma sha biyar zuwa babban titi. Sau uku yana ajiye akwatin yana canza hannu. Layin shiru, tsaf, ba ko yaro ɗaya a waje.

"Amarya, tafiya za ki yi ki bar angonki?"

"Ka zo mu tafi mana," in ji yarinyar. "Gidanmu na can yana da bene. Mamata ta ce mutane da yawa ne a ciki."

Bas ta zo a cike. Auta ta durƙusa ta ce ya yafe mata. Ya ce ba ta yi masa komai ba, kuma wannan ita ce gaskiya mafi ɗaci da ya taɓa faɗa. Ya tsaya har motar ta ɓace, sannan ya juyo, hannunsa na zafi inda marikin akwatin ya kwanta.

Da ya iso gida ya ga takarda a maƙale a jikin ƙofa. Daga ƙungiya ce. Tun daga nesa ya gane ta, don shi ya tsara irinta. Ana sanar da mai gida cewa tara kayan gini a gaban gida ya saɓa wa tsarin unguwa, an ba shi kwana bakwai ya kwashe. A ƙasa ga hatimin, an buga shi da kyau, tawada ta fito sarai.

Ya shiga da takardar a hannu. Mama tana kicin. Ta sauko da manyan tukwane ta wanke ta kife su a saman kabad, ta bar ƙaramar guda ɗaya a kan wuta. Ya miƙa mata takardar, ta karanta, ta ninke, ta mayar masa. Shekara arba'in suna tare ba ta taɓa kiransa da sunan kujerarsa ba sai yau.

"To, Ciyaman," ta ce, ta ɗauko faranti biyu. "Doka ta zauna. Gida ɗaya, iyali ɗaya. Zo ka ci abinci."